Babi na Shida: Antibodi da Farautar Enzayim ɗin ZAP-70

A cikin fararen ƙwayoyin jinin ɗan Adam akwai wani jinsi da ake kira limfosait, wanda ya kasu gida biyu manya: sel na B, waɗanda ke ƙera antibodi, da sel na T, waɗanda wasunsu ke kashe duk wani sel na jiki da ƙwayar cuta ta shiga, wasunsu kuma ke ba sauran dakarun garkuwar jiki umarni. Sel shi ne mafi ƙanƙantar ɓangare mai rai da aka gina jiki da shi, kuma idan aka ɗora sel na B da na T ƙarƙashin madubin likita ba za a iya cewa ga wannan ga wancan ba, domin girmansu da siffarsu kusan ɗaya ne. Abin da ya raba su yana cikin furotin ɗin da kowannensu ke ɗauke da shi, wato manyan sinadaran da ke gudanar da ayyukan sel, waɗanda galibinsu ba su da launi, kuma sun yi ƙanƙantar da madubi na haske ba ya kama su. Mai bincike da ke son sanin ko wani furotin guda yana nan a cikin dubban ire-irensa, da yawansa, da kuma ko yana aiki ko yana kwance, ba shi da abin dogaro da ya wuce antibodi, wato furotin ɗin da jikin dabba ke yi don ya manne wa abu guda tak, wanda masana suka ɗauko daga fagen yaƙi da cuta suka mayar da shi kayan aikin ɗakin gwaje-gwaje.

Wannan babi zai bi sawun enzayim guda ɗaya, ZAP-70, domin tarihinsa ya tattara kusan duk alfanu da duk matsalar da ke tattare da wannan kayan aiki. Enzayim furotin ne da ke hanzarta wani canji na sinadari, shi kuwa ZAP-70 yana cikin dangin da ake kira kainez, waɗanda aikinsu shi ne ɗauko ɗan sinadarin fosfet su liƙa shi a jikin wani furotin, ta yadda wancan zai canza siffa ya kama aiki ko ya daina. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka fara fayyace wannan tsari a shekarun 1950 a birnin Siyatil na Amurka, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1992, sannan a 1979 Tony Hunter na Cibiyar Salk ya gano cewa akwai kainez da ke liƙa fosfet ɗin a kan tairosin, ɗaya daga cikin amino asid ashirin da ake jera su a gina furotin. A jikin mutum akwai kainez sama da 500, kuma kimanin 90 daga cikinsu na tairosin ne.

Yadda saƙo ke shiga cikin sel na T

A bayan kowane sel na T akwai wani furotin mai karɓar saƙo, wanda ke gane ɗan guntun ƙwayar cuta idan wani sel ya miƙo masa shi. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne wannan mai karɓar saƙo ba shi da ikon enzayim ko kaɗan, wutsiyarsa da ke cikin sel gajeriya ce ƙwarai, amma duk da haka cikin daƙiƙoƙi kaɗan bayan ya haɗu da abin da yake nema sai a ga furotin da dama a cikin sel ɗin sun samu fosfet a kan tairosin. Amsar tana cikin wasu sarƙoƙin furotin da ke manne da shi, wato CD3 da sarƙar zita, waɗanda wutsiyoyinsu ke ɗauke da wasu gajerun jeri na amino asid da ake kira ITAM, guda goma a jimlace, kowanne da tairosin biyu. Wani kainez mai suna Lck ne ke fara liƙa fosfet a kan waɗannan tairosin, shi kuma ZAP-70, wanda kafin nan yake yawo a ruwan sel a naɗe ba ya aiki, yana da wasu ɓangarori biyu da ake kira SH2 da suka dace daidai da ITAM mai fosfet biyu, don haka sai ya zo ya kama. Da zarar ya kama, Lck zai sa masa fosfet a wurare sanannu, musamman tairosin na 315 da na 319 da na 493 a cikin jerin amino asid 619 da suka gina shi, sai ya warware ya shiga liƙa fosfet a kan wasu furotin biyu, LAT da SLP-76, waɗanda daga kansu ne saƙon ke rarrabuwa har ya kai ga tashin sinadarin kalsiyam a cikin sel, da kunna ƙwayoyin gado, da hayayyafar sel ɗin.

Shi kansa gano ZAP-70 aikin antibodi ne. A 1991 Andrew Chan da Arthur Weiss da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun tsokani sel na T, suka fasa su, suka yi amfani da antibodi mai kama sarƙar zita suka zaƙulo ta daga cikin ruwan tare da duk abin da ke riƙe da ita, suka ga wani furotin mai nauyin kilodalton 70 ya biyo ta, ɗauke da fosfet a kan tairosin, wanda kuma ba ya biyo ta idan ba a tsokani sel ɗin ba. Kilodalton ma'aunin nauyin furotin ne. Shekara guda bayan haka suka gano ƙwayar gadon da ke samar da shi, suka tabbatar kainez ne, kuma ɗan'uwa ne na kusa ga wani kainez mai suna Syk, wanda masu bincike a Japan suka ciro daga saifar alade a 1991. Wannan dangantaka da Syk za ta zama tushen ruɗani mai yawa daga baya.

Inda antibodin ke fitowa

Tun 1890, lokacin da Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna a Balin cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa allurar dafin ƙwayar cuta yana iya kare wata dabbar, aka san cewa jiki na ƙera wani abu da ke gane baƙon sinadari. Hanyar da ta fi tsufa wajen samun antibodi ta ginu ne a kan wannan: a yi wa zomo ko akuya allurar furotin ɗin da ake so sau da yawa cikin makonni, sannan a ɗebi jininsa a tace. Abin da ake samu gauraye ne na antibodi iri-iri daga sel na B daban-daban, kowanne yana kama wani lungu na furotin ɗin, shi ya sa alamar da yake bayarwa ke da ƙarfi. Aibinsa shi ne babu zomaye biyu da ke ba da gauraye iri ɗaya, kuma ranar da jinin zomon farko ya ƙare, kwalbar da za ta biyo baya tana iya ɗaukar suna ɗaya da lamba ɗaya alhali abin da ke cikinta ya sha bamban.

A 1975 Georges Köhler da César Milstein, a ɗakin binciken ƙwayoyin halitta na birnin Kambirij a Ingila, suka haɗe sel na B daga saifar ɓeran da aka yi wa allura da sel na wata sankara mai suna mayeloma, wanda ba ya daina hayayyafa. Sel ɗin da ya fito daga wannan haɗi, wanda ake kira haibiridoma, ya gaji ƙera antibodi daga ɓangare ɗaya, ya gaji rashin mutuwa daga ɗayan, kuma idan aka ware guda ɗaya aka rene shi, duk zuriyarsa antibodi iri ɗaya tak za ta riƙa fitarwa. Wannan ne antibodi na tsatso ɗaya, kuma shi ya ba su Nobel a 1984 tare da Niels Jerne. Kowane tsatso yana da lambarsa, shi ya sa a rubuce-rubucen ZAP-70 ake cin karo da sunaye irin su 2F3.2 da 1E7.2 da SBZAP, waɗanda dukansu enzayim ɗaya suke nema amma ba su ba da sakamako iri ɗaya ba.

Akwai kuma rukuni na musamman, wanda ga mai nazarin saƙonnin cikin sel ya fi sauran daraja, wato antibodin da ba ya kama ZAP-70 sai idan akwai fosfet a kan wani tairosin takamaimai. Don ƙera shi, ana haɗa ɗan guntun furotin na amino asid goma zuwa goma sha biyar da ke kewaye da tairosin na 319, alal misali, da fosfet ɗinsa a liƙe, a ɗaura shi a jikin wani babban furotin da ake samu daga wani dodon koɗi na teku domin ya tsokani garkuwar zomo sosai, a yi allurar. Daga nan sai a bi da ruwan jinin ta kan guntun da ba shi da fosfet, domin duk antibodin da bai damu da fosfet ba ya maƙale a can, abin da ya wuce kuma a bi da shi ta kan guntun mai fosfet a kama wanda ake so. Bambancin amfanin rukunonin biyu a fili yake: na farko, wato antibodin da bai damu da fosfet ba, yana faɗin ko enzayim ɗin yana nan, na biyu, mai neman fosfet, yana faɗin ko an kunna shi, kuma ba a fassara na biyu sai an auna shi da na farko, tun da ƙaruwar alama tana iya nufin an kunna enzayim da yawa, tana kuma iya nufin kawai an zuba samfuri fiye da kima.

Hanyoyin gani

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda ake kira Western blot, wadda Harry Towbin da abokansa suka bayyana a birnin Basel na Suwizalan a 1979. Ana fasa sel da wani sinadari mai kama da sabulu, a tafasa ruwan har furotin su warware, a zuba shi a bakin wani siririn jel a kunna lantarki, sai ƙananan furotin su yi nisa manya su tsaya a baya. Sannan a kwashe su zuwa kan wata farar takarda ta musamman, a jiƙa ta da antibodin ZAP-70, a wanke, a ƙara jiƙa ta da antibodi na biyu wanda ke kama na farko kuma yana ɗauke da enzayim mai fitar da haske. Idan komai ya tafi daidai, layi ɗaya zai bayyana a daidai kilodalton 70. A nan ne ƙananan abubuwa ke yanke hukunci. Kafin a sa antibodi dole a toshe sauran fuskar takardar da wani furotin don kada antibodin ya manne ko'ina, kuma abin da aka saba amfani da shi garin madara ne. Sai dai madara na ɗauke da kasin, wanda shi ma furotin ne mai fosfet, don haka masu neman fosfet sukan guje ta su koma ga albumin na jinin saniya. Haka kuma a cikin sel akwai wasu enzayim masu cire fosfet, waɗanda ke ci gaba da aikinsu ko bayan an fasa sel, ta yadda idan ba a yi aikin a kan ƙanƙara ba, ba a kuma zuba sinadarin banadet mai hana su ba, alamar da ake nema za ta goge tun kafin samfurin ya isa jel.

Raunin wannan hanya shi ne tana niƙe miliyoyin sel wuri ɗaya ta ba da matsakaici, ba ta iya faɗin wane sel ne ke da enzayim ɗin. Wannan giɓi ne injin fulo saitometri ya cike, injin da ke jera sel ɗaya bayan ɗaya a cikin siririn ruwa su wuce ta gaban hasken leza, dubbai a kowace daƙiƙa, yana auna ƙyallin rinin da aka ɗaura wa kowane antibodi. Ɗaura rini mai ƙyalli a jikin antibodi dabara ce da Albert Coons ya fara a Harvard a farkon shekarun 1940, shi kuma Leonard Herzenberg na Stanford yana cikin waɗanda suka mayar da ita injin tantance sel wajen ƙarshen shekarun 1960. Ma'aikatan asibitocin da suka yi aikin ƙirga sel na T masu furotin CD4 ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau sun san wannan inji, domin da shi ake wannan ƙirga. Amma CD4 a bayan sel yake, antibodi na isa gare shi ba tare da wahala ba, shi kuwa ZAP-70 a ciki yake, don haka sai an fara daskarar da sel da fomaldihaid, sannan a huda fatarsa da saponin ko metanol mai sanyi kafin antibodin ya shiga. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana iya sauya siffar wurin da antibodin ke kamawa, kuma dalili ke nan da antibodin da ya yi fice a Western blot, inda furotin yake a warware, zai iya kasa kama komai a cikin sel, inda furotin yake a naɗe.

Yaran da ba su da enzayim ɗin

Muhimmancin ZAP-70 ga rayuwa ya fito fili a 1994, lokacin da rukunoni uku na masu bincike a Amurka da Kanada suka ba da rahoton jarirai masu fama da cututtuka a kai a kai, waɗanda jininsu ya nuna wani abu baƙo: sel na T masu furotin CD8 kusan babu su, masu CD4 kuwa suna nan da yawa amma ko an tsokane su ta hanyar mai karɓar saƙo ba sa motsi. Da aka gwada sel ɗinsu da antibodi, layin kilodalton 70 bai bayyana ba. Wasu daga cikin yaran farko 'yan al'ummar Mennonite ne, wadda ke yawan aure a tsakaninta, kuma hakan ya dace da yadda cutar ke gadowa, domin sai yaro ya karɓi ƙwayar gado mai lahani daga uwa da uba duka kafin ta bayyana. Maganinta dashen ɓargo ne. Wani abin lura shi ne ɓeran da aka cire wa wannan ƙwayar gado yana rasa masu CD4 da masu CD8 gaba ɗaya, saɓanin mutum, kuma bayanin da aka fi karɓa shi ne Syk na ɗauke wani ɓangare na aikin a lokacin da sel na T ɗin mutum ke girma a cikin taimos, wato ƙullin da ke bayan ƙashin ƙirji inda suke samun horo. Ko a nan ma gwajin antibodi yana da iyaka, tun da akwai lahanin gado da ke barin furotin ɗin ya fito da cikakken girmansa amma ba ya aiki yadda ya kamata, kuma antibodin da ke neman kasancewarsa kawai zai ce lafiya lau.

Sankarar jini da gwajin da bai zauna ba

Babban abin da ya fitar da antibodin ZAP-70 daga ɗakin bincike zuwa asibiti shi ne wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya da ake taƙaita sunanta da CLL, wadda ke kama sel na B, kuma ta fi yawa a tsakanin tsofaffi a Turai da Amurka. Likitoci sun daɗe da lura cewa wasu masu ita suna shekara ashirin ba su buƙaci magani ba, wasu kuma cikin 'yan shekaru take kayar da su. A 1999 rukunin Terry Hamblin a Ingila da na Nicholas Chiorazzi a New York suka nuna cewa ana iya raba majinyatan ta duba wata ƙwayar gado mai suna IGHV a cikin sel ɗin sankarar: waɗanda tasu ta samu sauye-sauye sun fi daɗewa, waɗanda tasu ba ta samu ba cutarsu ta fi zafi. Matsalar ita ce a wancan lokaci karanta jerin wannan ƙwayar gado aiki ne mai tsada da jinkiri, wanda ƙananan asibitoci ba sa iyawa. Sai a 2001 wani bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka ya gano cewa a cikin dubban ƙwayoyin gado, wadda ta fi bambanta rukunonin biyu ita ce ta ZAP-70, enzayim ɗin da aka san shi da sel na T, wanda ba a sa ran ganinsa a sel na B na cikin jini ba, amma ga shi a kunne a cikin rukunin mai zafi.

Fatan da wannan ya haifar babba ne, domin kusan duk asibitin da ke kula da cutar jini yana da injin fulo saitometri. A 2003 masu bincike a birnin Basalona na Sifen suka buga sakamako a kan majinyata 56, inda suka nuna cewa idan kashi 20 cikin ɗari ko fiye na sel ɗin sankarar suna da ZAP-70, to galibi IGHV ɗin majinyacin ba ta sauya ba, kuma cutarsa za ta yi saurin ci gaba. A 2004 wani bincike a Amurka a kan mutum 307 ya ƙarfafa wannan, har ya nuna cewa ZAP-70 ya fi IGHV faɗin lokacin da za a buƙaci magani. Cikin ɗan lokaci gwajin ya bazu.

Daga nan ne aka gane cewa tambayar da ake yi wa antibodin ta fi ƙarfinsa. CD4 ko dai yana kan sel ko babu, kuma a kan allon injin rukunonin biyu suna rabuwa sarai. Shi kuwa ZAP-70 a cikin sel ɗin CLL alamarsa rarrauna ce, tana tafiya a jere daga kusan babu zuwa kaɗan, ba tare da wani tsagi da za a ce nan ne iyaka ba. Wasu ɗakunan gwaji sukan ja layin ne da la'akari da sel na T na majinyacin kansa, waɗanda ke cikin samfurin kuma suna da enzayim ɗin a cike, wasu sukan ja shi da wani antibodi marar manufa da aka sa don auna mannewar banza, wasu kuma da sel na B na mai lafiya. Ga bambancin tsatso, ga bambancin rini, ga bambancin sinadarin huda sel, ga kuma yadda alamar ke sauyawa idan jinin ya kwana a hanya kafin ya isa ɗakin gwaji. Sakamakon shi ne jinin mutum ɗaya yana iya fitowa da kashi 15 a wani gari, ya fito da abin da ya haura 20 a wani, wato ya tsallaka daga rukuni zuwa rukuni ba tare da cutarsa ta motsa ba. An yi tarurruka da yunƙurin daidaita hanyoyin, amma kafin a cimma matsaya karanta jerin ƙwayoyin gado ya yi araha, dalilin neman madadin IGHV ya ragu. Ma'aunin hasashen CLL na ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2016 ya ginu a kan abubuwa biyar, wato lahanin ƙwayar gado ta TP53, da matsayin IGHV, da yawan wani furotin na jini mai suna bita-2 maikuroglobulin, da matakin cutar, da shekarun majinyaci, kuma babu ZAP-70 a cikinsu. Adalci shi ne a ce ba a ƙaryata ilimin da ke ƙarƙashin gwajin ba, domin har yanzu ana karɓar cewa ZAP-70 na ƙara ƙarfin saƙon da ke raya sel ɗin sankarar; aunawar ce ta kasa zama iri ɗaya daga hannu zuwa hannu.

Tantance mai ba da shaida

A kotun Musulunci alƙali ba ya gina hukunci a kan maganar shaida sai an yi masa tazkiya, an tabbatar shi mutum ne da ake karɓar maganarsa, kuma matsayin antibodi a ɗakin gwaje-gwaje ke nan: layin da ya fito a takarda ko ƙyallin da injin ya auna shaida ce kawai, wadda ƙimarta ta dogara da yadda aka gwada mai ba da ita. Dalilin wannan tsantseni shi ne antibodi ba ya ganin furotin gaba ɗayansa, ɗan wuri yake kamawa wanda sau da yawa bai wuce amino asid biyar zuwa goma sha biyar ba, kuma duk furotin da ke da wuri mai kama da wannan yana iya jan sa. Misali mafi kusa shi ne Syk. Jerin da ke kewaye da tairosin na 319 a ZAP-70 ya yi kama ƙwarai da wanda ke kewaye da tairosin na 352 a Syk, har kamfanonin da ke sayar da antibodin sukan rubuta sunayen biyu a jikin kwalba ɗaya. Nauyin Syk kilodalton 72 ne, tazarar da ba kowane jel ke raba ta da 70 ba, kuma Syk yana da yawa a sel na B da wasu fararen ƙwayoyin jini. Saboda haka wanda ya ga wannan alama a sel ɗin CLL, inda enzayim ɗin biyu ke zaune tare, ya ce ya ga ZAP-70 a kunne, ya faɗi abin da gwajinsa bai nuna ba.

Gwaji mafi ƙarfi shi ne a nemo sel da aka tabbatar ba shi da furotin ɗin, a ga ko antibodin zai yi shiru. Masu nazarin ZAP-70 sun yi sa'a ta wannan fuska, domin akwai wani jinsin sel na T da ake renonsa a kwalba mai suna Jurkat, wanda aka samo a Jamus a shekarun 1970 daga jinin wani yaro mai sankarar jini, kuma a 1998 aka fitar da wani reshensa mai suna P116 wanda ba ya samar da ZAP-70. Idan aka jera Jurkat da P116 a jel ɗaya, layin da ya bayyana a na farko ya ɓace a na biyu shi ne na gaskiya, duk wani layi da ya fito a duka biyun kuwa wani furotin ne dabam. Ga antibodin fosfet akwai ƙarin sharuɗɗa: ya yi shiru a sel da ke hutawa, ya fito bayan an tsokani sel da antibodin CD3 ko da sinadarin fabanadet, ya kuma sake ɓacewa idan aka zuba wa samfurin enzayim mai cire fosfet. A yau dabarar CRISPR ta sauƙaƙa cire kowace ƙwayar gado daga sel, don haka uzurin rashin irin wannan ma'auni ya ragu sosai.

Matsalar ba ta ZAP-70 kaɗai ba ce. A 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Mathias Uhlén na Suwidin, ya ba da shawarar hanyoyi biyar na tantance antibodi, ciki har da gwada shi a sel da aka cire wa ƙwayar gadon, da kwatanta shi da wani antibodi dabam mai kama wani wuri na furotin ɗin, da auna furotin ɗin ta hanyar da ba ta buƙatar antibodi kwata-kwata, tare da jaddada cewa tantancewa a hanya ɗaya ba ta wadatar wa wata. A 2023 shirin YCharOS da ke Montiriyal a Kanada ya buga sakamakon gwada antibodi 614 na kasuwa da ake sayarwa don furotin 65, inda fiye da rabinsu suka gaza a aƙalla hanya ɗaya, kuma an samu takardun bincike da dama da aka gina a kan antibodin da bai ma kama furotin ɗin da aka ce yana kamawa ba. Waɗanda suka fi yin kyau a wannan gwaji su ne na sabon salo, waɗanda ake karanta jerin ƙwayar gadon da ke samar da su a adana, sannan a sa wasu sel su riƙa ƙera su daga wannan jeri, ba tare da komawa ga zomo ko dogaro da haibiridoma ba, wanda shi ma yakan sauya ko ya lalace a ajiya. Da yawa daga cikin mujallun kimiyya yanzu suna neman mai bincike ya rubuta kamfani da lambar kaya da tsatson kowane antibodi da ya yi amfani da shi, da yawan ruwan da ya sirka shi da shi, domin wanda zai maimaita aikin a wani ɗakin gwaji ya san ainihin abin da aka zuba a kan takardar.